Igiyar Baba da 'Yan Matan da ke Ɗinke Sama

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Fika, ni da autarmu, muka nufi Potiskum. Ku da kuke bibiyar rubutuna kun saba in ba ku labarin inda na ci tsire da inda direba ya ɓata min rai. Wannan tafiyar ba irin waɗancan ba ce, gara in faɗa muku tun yanzu. An yi sanarwa cewa wasu likitocin ido sun sauka a wani asibiti a Potiskum suna duba mutane kyauta, Inna ta ce ko ana ha-maza-ha-mata sai na kai yarinyar nan.

Auta ɗinkin hula take yi, irin ta zanna, kuma duk unguwarmu babu mai hannunta. Wani Alhaji ɗan kasuwa a unguwar Yerimaram ta Potiskum ne yake aiko mata da ƙyalle da zare, ta ɗinka a mayar masa. An fi shekara tana tuntuɓe da abubuwa a tsakar gida. Yau ta shure buta, gobe ta bugi turmi, jibi kafaɗarta ta daki gefen ƙofa. Mu kuwa dariya muke yi, muna cewa hankalinta yana kan katun ɗin Japanawa da take kallo a waya. Wa zai kawo maganar ido ga yarinyar da take zura zare a allura sau ɗaya tak? Sai ran nan ta zo min da wayar ta ce, "Yaya, in na kalli fuskar yarinyar, rubutun ƙasa ba ya nan. In na sauko kan rubutun, kalma biyu nake gani, kafin in haɗa ya wuce." Na sa tafin hannuna na rufe mata idon dama, na tambaye ta me take gani. Ta ce duhu.

Gida gaba ɗaya aka yanke hukunci cewa gajiyar ɗinki ce. Duk mai ɗinkin hula tana kukan ido, sananne ne. Aka tsara cewa za ta miƙa hulunan da ke hannunta, ta ajiye allura wasu watanni, a haɗa da maganin likita, ido ya dawo. Da wannan fatan muka fito. Inna ta rako mu har zaure tana addu'a da Bolanci, ni kuma garin sauri rigata ta maƙale a ƙusar da ke jikin katanga kusa da ƙofar ɗakin marigayi Baba. Ƙusar igiyarsa ce. Da idonsa ya tafi a ƙarshen rayuwarsa, igiya muka ɗaura masa daga nan zuwa bayi, yana bi da hannu. Igiyar an cire tuni, ƙusar ce ta rage, Inna na rataye matankaɗi a kai.

A tasha muka tarar kuɗin mota ya ninka na bara, ɗan kamasho kuma ko kallon mai ƙorafi ba ya yi. Ƙaramar mota ce, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, buhunan gyaɗa a but ɗin motar, da wani ɗan akuya da bai daina faɗin ra'ayinsa ba har muka isa. Na sa Auta a bakin taga don ta sha iska. Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai, riɗi ya yi fure, duwatsun Fika sun yi kore shar. Ina cewa ta kalli can, ta kalli nan, sai na lura ba ido take juyawa ba, kanta gaba ɗaya take juyawa a hankali, kamar mai haska tocila a ɗaki. Na daina nune-nunen.

Ba mu yi nisa ba ta zaro wayar ta miƙo min kunne ɗaya na iyafis. Wai saura 'yan kashi kaɗan ta gama katun ɗin, in riƙa karanta mata fassarar Turancin da ke ƙasa ina juya mata da Hausa. Na ce Auta, ni malamin firamare ne mai gemu da 'ya'ya uku, ki rufa min asiri a motar haya. Ta ce to shi ke nan, ta fara naɗe wayar iyafis ɗin a yatsa. Yadda ta ce "shi ke nan" ɗin ne ya sa na karɓa.

Ga yadda labarin yake, kamar yadda ta taƙaita min. Wani gari ne da samansa ke yagewa kamar tsohon zane. Duk inda ya yage, wasu baƙaƙen halittu suna zubowa su haɗiye mutane. Akwai wata tsohuwa mai shagon ɗinki da take zaɓar 'yan mata 'yan makaranta, ta ba kowace allurar sihiri da riga mai hawa-hawa, mai kyau kamar ta amarya. Da allurar suke tashi sama su ɗinke yagewar. Abin da ba a gaya musu ba shi ne, zaren daga jikin rigar yake fita. Kowane ɗinki yana rage riga. In riga ta ƙare, sai zaren ya fara fita daga gashi, daga nan sai jiki, har yarinyar ta ƙare gaba ɗaya ta zama layin ɗinki mai ƙyalli a sama. Mutanen garin kuwa biki suke yi duk shekara, su fito da 'ya'yansu suna nuna musu layukan, suna cewa dubi yadda samanmu ya yi kyau.

Na ce mata wannan ai ba katun ba ne, tashin hankali ne, wane marar tausayi ne ya zana wa yara wannan? Ta ce da ma ba na yara ba ne, manyan idanun 'yan matan da ribon ɗin adon gashinsu ne suke ruɗar mutane. Na fara karantawa da muryar ganin dama, ina ƙasa-ƙasa don kada na kusa da ni ya ji. 'Yan matan su biyar ne a farko, inda muka kama saura biyu. Babbar cikinsu tana zaune a kan rufin makaranta, rigarta ta koma kamar tsumma, take ce wa ƙaramar, "Kullum ana tambayarmu ko sama ta ɗinku. Ba a taɓa tambayarmu saura nawa a rigar ba." Na karanta, na juya da Hausa. Auta ta ce in mayar baya in sake faɗa. Na sake.

Hantsi bai yi ba muka shiga Potiskum. Garin nan ba ya canza hali. Tireloli jere a gefen titi kamar an shuka su, warin gas da na shanu, masu napep suna kutsawa ta inda ko akuya ba za ta bi ba. Na riƙe hannun Auta za mu tsallaka titi, ta fizge ta ce ita ba makauniya ba ce. Ba ta rufe baki ba wani mai napep ya taho ta hagunta, ba ta ma san da shi ba sai da iskarsa ta kaɗa mata hijabi. Daga nan ita da kanta ta kama gefen rigata. Muka tsaya wajen wata mai ƙosai muka karya. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma, amma kunun tsamiyar ba laifi.

A asibitin mun tarar da jama'a kamar ranar kasuwa. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin bishiyoyin maina, tsofaffi sun fi yawa, kowa da ɗan jagoransa. Ka ji Ngizimanci a nan, Karekare a can, Fulatanci, Barbarci, in aka zo rigimar layi kuma kowa ya koma Hausa. Muka karɓi kati muka samu gefen tabarma kusa da wani dattijo manomi, idanunsa biyu sun yi fari fat da yana. Auta ta ce mu ci gaba. Cajin iyafis ba matsala ba ne tunda ba mai batir ba ne, amma hayaniya ta sa dole in ɗaga murya.

Ashe dattijon nan yana saurare. Can sai ya matso ya ce, "Malam, ita tsohuwar nan mai shago, babu hukuma ne a garin?" Na ce Baba, zane ne. Ya ce ko zane ne ai akwai iyaye. Daga nan ya zama ɗan kallo na uku, ba ya ganin komai amma ya fi mu zafi. Duk lokacin da tsohuwar ta yi magana sai ya yi tsaki ya ce Allah ya isa. Auta ta yi dariya har da riƙe ciki, rabon da in ji ta yi irinta na manta.

Dariyar ba ta daɗe ba. A kashi na gaba babbar yarinyar ta ƙare. Ranar biki ne, ta sauko cikin taron da ɗan abin da ya rage na jikinta, tana bi ta gaban mutane, kowa kansa na sama yana kallon ƙyalli. Mahaifiyarta ma tana cikinsu. Sai ta ce, "Ban ce a gode min ba. Cewa na yi a kalle ni tun ina nan." Dattijon bai yi tsaki ba wannan karon. Sai ya tambaye ni ko uwar ta juyo. Na duba, na ce ba ta juyo ba.

Abin da na lura da shi a layin nan ya tsaya min a rai. Masu fararen idanu, waɗanda kowa ke tausaya wa, su ne masu sa'a. Dattijon ya shiga ya fito yana washe baki, an ce gobe za a cire masa yanar, jibi ya ga jikokinsa. Idanun Auta kuwa baƙaƙe ne sidik, masu kyau, ga kwalli ta sa. Mata biyu sun tambaye ta wa ta rako.

Bayan azahar aka kira mu. Likitar mace ce, ta gaji sosai, amma ba ta yi mana gaggawa ba. Ta ɗiga magani, ta auna, ta haska, ta sa Auta ta kalli hancinta tana motsa yatsu ta gefe. Yatsun suna motsi a fili, Auta na cewa ba ta gani. Likita ta jima tana leƙen idon dama. Sannan ta tambaya ko akwai wanda ya makance a gidanmu. Na ce mahaifinmu, amma shi tsufa ne. Ta tambayi shekarunsa lokacin, na faɗa. Ta girgiza kai ta ce wannan ba tsufa ba ne.

Hawan jinin ido ne, in ji ta, kuma yana bin jini. Yana cin jijiyar gani daga gefe, a hankali, ba ciwo, ya bar tsakiya sai ƙarshe. Shi ya sa take iya zura allura amma ba ta ganin turmi. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama saura ɗan kaɗan a tsakiya, kamar leƙe ta ramin makulli. Za a ba ta maganin ɗigawa na har abada, za a tura mu Kano ko aiki zai yiwu, amma duk wannan don a riƙe abin da ya rage ne, kuma ba ta yi mana alkawarin zai riƙu ba.

Auta ta saurara tsaf, hannayenta a kan jakar hulunan. Ta ce, "Likita, in na ajiye allura fa? Na yi niyyar in huta har bayan babbar salla."

Likitar ta ce, "Ba allura ba ce, ƙanwata. Ko ba ki taɓa ɗinki ba zai zo. Ki yi ɗinkinki in kina so."

Wallahi da ta ce ɗinkin ne, da ya fi mana sauƙi. Da muna da abin da za mu daina, da wanda za mu ɗora wa laifi. Ta sa aka auna ni ni ma, aka ce nawa lafiya lau. Ban taɓa jin labari mai daɗi da ya yi min ɗaci irin wannan ba.

Na so mu wuce gidan Goggo a unguwar Bolewa kai tsaye, inda za mu kwana, amma Auta ta ce alkawari ne, sai ta kai hulunan. Muka hau napep zuwa Yerimaram. Alhajin mutumin kirki ne, asalinsu Borno, ya sa aka kawo mana lemo mai sanyi. Ya ɗauki hula ɗaya ya fita da ita bakin ƙofa wajen haske, yana juyawa yana kaɗa kai. Ya ce shekara da shekaru yana wannan sana'a bai ga ɗinki mai tsabta haka ba. Ya ce, "'Yata, Allah ya ba ki ido. Yaushe zan sa ran na gaba?" Bai san daga inda muke ba, ba laifinsa ba ne. Na buɗe baki, Auta ta taka min ƙafa. Ta karɓi sabon ƙyalle da zare na hula ɗaya kawai, ta ce wannan karon a yi mata haƙuri, ba za ta yi sauri ba.

Goggo ta yi mana burabusko da miyar yakuwa, irin wanda a da nake neman ƙari. Na tsakura na bari. Da muka gaya mata ta yi salati, ta ce akwai wani mai magani a bayan kasuwar shanu da ya buɗe wa wata mata ido. Auta ta ce to Goggo, Allah ya sa.

Da safe muka sayi maganin ɗigawa, 'yar kwalba da ba ta kai babban yatsa ba amma kuɗinta ya sa na sake tambayar mai kemis ko na ji daidai. Muka shiga motar Fika. Mun fita gari kenan ta miƙo min kunnen iyafis. Saura kashi na ƙarshe. Na ce mu bari sai mun huta. Ta ce, "Yaya, gara in gani tun ina ganin fuskokin."

Ƙaramar yarinyar ce ta rage ita kaɗai. Rigarta ta kai gwiwa, hannun rigar ɗaya ya zare. Ta je shagon tsohuwar ta ajiye allurar a kan tebur, ta tambaya in ta daina daga yau, ko rigarta za ta dawo. Tsohuwar ta ba ta amsa. Na karanta amsar a zuciyata, na kasa fitar da ita. Sai na ji kaina ina cewa, wai ta ce in ta huta zai dawo a hankali.

Auta ba ta ɗauke ido daga wayar ba. Ta ce, "Yaya, rubutun ne ba na gani. Fuskarta ina gani. Ba haka aka ce mata ba."

Na mayar baya. Na karanta mata yadda yake. Tsohuwar cewa ta yi, "Zaren da ya fita ba ya komawa. Wanda ya rage ne naki, ki zaɓi inda za ki sa shi." Matar da ke gefena ta juyo tana kallon ƙaton mutum yana hawaye a kan katun. Ban damu ba. Yarinyar ta ɗauki allurarta ta fita. Ba ta tashi sama ba. Gida ta koma, ta zauna a bakin ƙofa ta ɗinke wa ƙaninta aljihun wando da ya yage, sama na tsagewa a bayanta. A haka aka gama. Babu wanda ya zo ya cece su. Auta ta kashe wayar ta ce kashin nan ya fi duka kyau, sannan ta juya kanta gaba ɗaya wajen taga, ta kalli gero har muka iso.

Inna na zaure tana jira. Ta ce an dace? Auta ta ce an ba da magani, kuma za a je Kano. Duka gaskiya ne. Inna ta ɗaga hannu tana hamdala, ta ce da ma ta faɗa gajiya ce. Ni na wuce ciki da jaka don kada ta ga fuskata. Har yau ban samu bakin da zan yi mata bayani ba.

Kun saba in rufe da abin da tafiya ta koya min. Ba ni da mai yawa. In akwai wanda ya makance a gidanku, ku je a auna ku, ko da kuna zura allura a duhu. In wani naku ya fara tuntuɓe, ku dube shi kafin ku yi dariya. Na kuma daina raina abin da yara ke kallo, don kwana biyun nan babu wanda ya gaya mana gaskiya tsirara sai likita da wannan zanen. Ban dawo da wani fata da zan raba muku ba. Kano za mu je, amma na ga fuskar likitar lokacin da take faɗa.

Da la'asar ɗin ranar da muka dawo, ina alwala, na ga Auta ta tsaya a ƙofar ɗakin Baba. Ta sauke matankaɗin Inna, ta kama ƙusar da yatsu biyu ta girgiza, ta ji tana nan daram. Ta mayar da matankaɗin. Ba tare da ta juyo ba ta ce, "Yaya, igiyar tana ina?"

Na ce ban sani ba. Ta ce tana cikin rumbu, ita ta ajiye ta bayan rasuwa.

Washegari ta ɗauko ta, ta wanke da sabulu ta shanya. Ba ta ɗaura ba tukuna. Ta naɗe ta ta sa a ƙasan kwandon zarenta, ta ja kujera bakin ƙofa inda haske ya fi, ta fara hular Alhaji.